Bakin Baibayi: Sharhi A Kan Europa Barbarorum Da Da'awar Fifikonta

Manufar wannan maƙala ita ce a auna wata da'awa da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu wasannin yaƙi na kwamfuta, watau cewa a cikin dukkan gyare-gyaren da aka yi wa wasannin da suka shafi zamanin Rumawa babu kamar Europa Barbarorum. Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa mujallar harshe da al'adu da wasan kwamfuta? Abin da ya haɗa su shi ne, wannan aiki a kan harshe ya kafa hujjarsa, ta harshe ya yi suna, kuma kamar yadda za mu gani, ta nan ne ya fi cancantar suka. Bayan haka, ɗalibai da yawa a duniya ba a aji suka fara jin sunan Hannibal ko na Kartaj ba, a gaban kwamfuta suka ji shi. Abin da ke koyar da mutane tarihi kuwa, ko da sunan wasa ya zo, ya kamata manazarta su duba shi.

Kafin a je ko'ina, ya kyautu a fayyace abin da ake magana a kai. A shekarar 2004 kamfanin Creative Assembly na Ingila ya fitar da wasan Rome: Total War. Mai wasa yakan zaɓi al'umma ɗaya ya riƙe ragamarta a kan taswira, ya gina garuruwa, ya tara haraji, ya aika jakadu, ya ɗebi mayaƙa. Idan rundunarsa ta yi karo da ta abokan gaba sai a koma fagen fama, ya ja daga da kansa, ya tsara dakaru da barade da 'yan baka. Abin da masu wasa suke kira mod, mu kuwa a nan za mu kira shi kwaskwarima, shi ne wasu masu sha'awa su ɗauki wasan da kamfani ya sayar, su bar injinsa yadda yake, su sake masa taswira da mutane da sutura da dokoki, sa'an nan su raba wa jama'a kyauta. Europa Barbarorum irin wannan ce. An kafa ƙungiyar da ta yi ta a farkon 2004, tun wasan bai fito kasuwa ba, domin hotunan tallarsa sun nuna wa wasu masana da ɗaliban tarihi inda kamfanin ya dosa. Gwajinta na farko ya fito a ƙarshen 2005, cikakkiyar fitowa a 2007, gyara na ƙarshe a 2008. A 2014 aka fitar da ta biyu, wadda aka ɗora a kan injin Medieval II. A wannan sharhi za mu ɗauke su a matsayin bugu biyu na littafi ɗaya.

Ba za a gane darajar aikin ba sai an san abin da ya zo ya tarar. A wasan kamfani, Masar ta ƙarni na 3 kafin Miladiyya ta fito da kayan Fir'aunoni da karusansu, kamar an dawo da mutanen shekara dubu baya, alhali a lokacin zuriyar Tolemi ne suke mulki daga Iskandariyya, mutanen Makidoniya masu magana da Girkanci, waɗanda ƙashin bayan rundunarsu dakaru ne masu dogayen masu irin na Iskandar. An raba Rum gida uku, kowane gida da ƙasarsa da baitulmalinsa, abin da bai taɓa faruwa ba. Mutanen arewacin Turai kuwa su aka fi wulaƙantawa: mutanen Biritaniya suna da rundunar masu jifa da kawunan mutane, Jamusawa suna da ta mata masu kururuwa. A taƙaice, an ɗauki kallon da Barume yake yi wa maƙwabtansa, aka ƙara masa gishirin sinima.

Sunan kwaskwarimar da kansa martani ne. Ma'anarsa a Latin ita ce Turai ta baibayi. Kalmar barbaros ta Girkanci, wadda Rumawa suka ara, asalinta kwaikwayon sautin maganar baƙo ne, wanda a kunnen Bagirke ba ta wuce bar-bar ba. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan, domin yana da baubawa, jam'i baibayi, yana kuma da gwaranci. Balarabe yana da ajami, kalmar da muka ara muka raɗa wa rubutunmu. Taken ƙungiyar yana cewa kowane mutum baubawa ne a wurin wani. Daga wannan take aka ciro ƙa'idar aikin duka: a kira kowace al'umma da sunan da take kiran kanta, a kira mayaƙanta da gine-ginenta da sarautunta da harshenta. Saboda haka mai wasa ba zai ga Kartaj ba, Karthadastim zai gani, daga Qart-hadasht, watau sabon birni a harshen Fonisiyawa. Daular zuriyar Selukus ta zama Arche Seleukeia, Armeniya ta zama Hayasdan, Fartiyawa suka zama Pahlava. Har murya aka ɗauka, ta yadda in an ba rukunin dakaru umurni a fagen fama, da Latin ko Girkanci ko harshen Keltawa ko na Kartaj ko Fahlawi za su amsa.

Ba a suna kaɗai aka tsaya ba, kuma a nan dole a yi wa ƙungiyar adalci. Wasan yana farawa a shekara ta 272 kafin Miladiyya, shekarar da aka kashe Pirus sarkin Epirus a Argos, birnin Tarentum kuma ya faɗa hannun Rumawa, ya ƙare a shekara ta 14 Miladiyya da mutuwar Augustus. Zaɓen shekarar farawar hikima ce, domin a lokacin Rum ba ta ƙetare teku ba tukuna, manyan dauloli suna gabas, kuma ba wanda zai iya rantsuwa cewa Rum ce za ta gāji duniyar. An faɗaɗa taswira daga tsibiran Biritaniya har kogin Indus da kudancin Larabawa, inda aka sa Saba. An raba shekara gida huɗu maimakon biyu, har wasan ya haura zagaye 1,100, runduna kuma takan wahala in ta fita cikin hunturu. Ba a ɗibar mayaƙa ko'ina a ga dama. Wanda ya ci wani gari sai ya zaɓi irin mulkin da zai kafa a cikinsa, ko ya haɗe shi da ƙasarsa, ko ya bar shi a hannun ɗan gari bisa amana, kuma wannan zaɓi shi zai nuna irin mayaƙan da garin zai ba shi. Rundunar Rum ba ta fito a shirye ba. Tana sauya kama sannu a hankali, daga tsarin 'yan ƙasa masu sayen makamansu zuwa na sojan albashi. Sulken nan mai ɗauri-ɗauri na ƙarfe da sinima ta sa kowa ya san Barume da shi, ƙungiyar ta ƙi sa shi duk da roƙon da aka yi ta yi mata, saboda ba a fara samun alamarsa ba sai a zamanin Augustus, daf da rufewar wasan. A Masar kuwa an bambanta mayaƙan Girkawa da aka ba gonaki da 'yan ƙasa da ake kira machimoi, bambancin da ya yi tasiri a tarihi, tun da Polibiyus ya ruwaito cewa bayan Tolemi na huɗu ya ba Misirawa 20,000 makamai a yaƙin Rafiya na shekara ta 217, sai suka gane ƙarfinsu suka yi tawaye. Kowane rukunin mayaƙa da kowane gini yana ɗauke da dogon bayani, wani har ya kai shafi. Akwai masu wasa da suke shafe dare suna karatu ba su yi yaƙi ko ɗaya ba.

Idan wannan shi ne ma'auni, to, hukuncina shi ne da'awar ta tabbata. Babu wata kwaskwarima ta wannan zamani na tarihi da ta ɗauki al'ummomin da ba Rumawa ba da muhimmanci haka, kuma waɗanda suka biyo baya daga gare ta suka koyi kiran mutane da harshensu. Rome: Total Realism ta riga ta yin suna, ta kuma gyara kurakurai da dama, amma ba ta nutsa a harshe ba. Roma Surrectum ta fi ta kyan gani da girman yaƙe-yaƙe, sai dai zuciyarta tana Rum, wajen rundunoni masu suna da lamba.

Amma mai neman wasa domin wasa yana da hujjar da zai ƙi wannan hukunci. Injin 2004 tsoho ne, kuma kwaskwarima ba ta iya taɓa cikinsa. Abokin karawa na kwamfuta ba ya riƙe alkawari; a yi sulhu da shi yau, gobe ya kewaye gari. A fagen fama yakan jefa sarkin yaƙinsa cikin masu ya mutu a banza. Don kada daulolinsa su tsiyace sai aka riƙa zuba masu kuɗi ta bayan fage, abin da ya sa mai wasa yakan yi ta kashe runduna bayan runduna kamar mai kwarfar rijiya. Al'ummomi da dama suna farawa da rundunar da ta fi ƙarfin aljihunsu, sai mutum ya faɗa bashi tun a shekarar farko. A bugu na farko ma sai mai wasa ya tuna ya tayar da wani ɓoyayyen umurni duk lokacin da ya buɗe wasan, in ya manta lissafin shekaru da sauye-sauye su rikice. Divide et Impera, wadda aka yi wa Total War: Rome II na 2013, ta fi ta a wannan fanni nesa ba kusa ba: tana lissafa yawan jama'a bisa azuzuwansu, ta yadda wanda ya salwantar da manyan dakarunsa ba zai sami madadinsu nan take ba, tana kuma lissafa guzurin runduna. Ban ga amfanin tsawaita musu a kan wannan ba. Wanda ya ce ita ta fi daɗin bugawa bai yi ƙarya ba.

Sukar da ta fi damuna daban take, kuma ba a cika yin ta ba. Ta shafi ƙa'idar nan ta suna da aka yi ta yabo.

Abu na farko, da yawa daga cikin waɗannan al'ummomi ba mu san sunan da suke kiran kansu ba. Aedui da Arverni, al'ummomi biyu na ƙasar Gol, watau Faransa ta yau, da sigar Latin suka shigo bugu na farko, irin wadda Yuliyas Kaisar ya rubuta, mutumin da ya ci su da yaƙi. Getai sigar Girkanci ce. Sauromatae ma daga alƙalamin Girkawa da Rumawa ta fito. Ke nan a nan baubawa bai yi magana da bakinsa ba, bakin wanda ya kira shi baubawa aka ara masa. Hayasdan kuwa matsalarta ta zamani ce: ba a fara rubuta harshen Armeniya ba sai wajen shekara ta 405 Miladiyya, da Mesrop Mashtots ya ƙirƙiro masa haruffa, kusan shekara 700 bayan buɗewar wasan, kuma sigar mai harafin d lafazin yammacin Armeniya ce, wadda ta fi haka zuwa baya-bayan nan.

Abu na biyu shi ne mafi girma. Mu ɗauki Sweboz, al'ummar da ke wakiltar Jamusawan dauri. Babu wani dutse ko kwabo ko takarda da aka sami wannan kalma a kai. Masana harshe ne suka ɗauki Suebi ta Latin, sunan da Kaisar ya ambata a yaƙinsa na shekara ta 58 kafin Miladiyya, fiye da shekara 200 bayan farawar wasan, suka bi dokokin sauyin sauti suka ƙaddara yadda asalinta zai kasance. Haka sunayen mayaƙansu: an gina su ne daga harshen da aka ƙaddara shi ne kakan harsunan Jamusawa, wanda dogon rubutu mafi tsufa a cikin 'ya'yansa shi ne fassarar Baibul ta Wulfila a ƙarni na 4 Miladiyya. Wannan aiki ba laifi ba ne, ilmi ne mai ƙa'ida. Amma duk wanda ya karanta nazarin kwatanta harsuna ya san cewa irin wannan kalma da tauraro a gabanta ake rubuta ta, don a shaida wa mai karatu cewa ƙaddarawa ce, ba wanda ya taɓa jin ta. Masu karatun wannan mujalla sun saba da taurarin nan tun daga aikin Paul Newman da Roxana Ma na 1966 a kan kakan harsunan Chadi. To, a ce wani ya kwashe waɗannan kalmomi, ya goge taurarin, ya ɗinka su jimla-jimla, ya sa wa mayaƙa a baki suna ihu da su, sa'an nan ya jera su kusa da Hausar da aka rubuta a ƙarni na 19 ba tare da wata alamar bambanci ba. Abin da Europa Barbarorum ta yi ke nan. A kan allo, sunan rukunin Jamusawa da aka ƙaddara da sunan hastati na Rumawa, wanda Polibiyus ya bayyana tsarinsu dalla-dalla, da harafi ɗaya aka rubuta su, da tabbaci ɗaya.

Murya ta fi suna haɗari, domin kunne ya fi ido saurin gaskatawa. Latin da Girkanci an san lafazinsu gwargwado. Harshen Kartaj kuwa, ko da yake an sami rubuce-rubucensa da yawa a kan duwatsu, galibinsu gajerun kalaman bakance ne masu maimaita juna, kuma baƙaƙe ake rubutawa ba wasula. Kaɗan daga abin da aka sani game da wasulan ya zo ne ta wasan kwaikwayon Poenulus na Plautus, inda Barume ya rubuta maganar Bakartaje da haruffan Latin, marubuta da ba su jin harshen kuma suka yi ta kwafa ƙarni bayan ƙarni. Harshen Gol ma abin da ya rage daga gare shi bai ƙunshi umurnin fagen fama ba. Duk wanda ya tsara waɗannan muryoyi dole ya cike gurabu da yawa da hasashe. Mai wasa kuwa ba a gaya masa ina gurbin yake ba.

Inda aka goge tauraro, akwai ƙofar da abin da ba shi da tushe zai shigo. Ya kuwa shigo. A bugu na farko an sami wasu bayanai da maganganun hikima da aka jingina wa Keltawa, musamman na Biritaniya da Ailan, waɗanda daga baya aka nemi madogararsu aka rasa. Abin yabo ne cewa a bugu na biyu ƙungiyar ta sake wannan sashe daga tushe, har al'ummar da aka kira Casse ta koma Pritanoi, Arverni ta koma Aruernoi. Sai dai darasin da ke ciki bai tsaya a kan Keltawa ba. Shekaru aka yi mutane suna karanta waɗannan bayanai suna naɗewa, suna kafa hujja da su a muhawara, ba don sun bincika ba, sai don kalmomin baƙi ne masu wuyar faɗa. Baƙuwar kalma tana da kwarjini. Wanda ya ji ta yakan ɗauka mai faɗinta ya sha karatu.

Akwai kuma wata baubawanci da harshe ba ya iya gyarawa, domin a cikin injin take. Kowace al'umma a wasan tana da babban birni, da baitulmali ɗaya, da gidan sarauta ɗaya, da runduna mai jiran umurni, da burin cin ƙasa. Wannan siffar Rum ce, ko ta zuriyar Selukus. Ba siffar makiyayan Saka ba ce, ba kuma ta ƙabilun Jamusawa ba, waɗanda marubutan da suka fara ambatonsu suka nuna jagorancinsu na yaƙi na ɗan lokaci ne. Ƙungiyar ta san da haka, ta yi ƙoƙari, ta ba makiyaya gine-gine na daban, a bugu na biyu ta ƙara masu zango maimakon birni. Amma a ƙarshe kowa sai ya ci garuruwa kafin a ce ya yi nasara. Girkawa ma ba su tsira ba: an haɗa Atina da Sparta da Rodos a ƙarƙashin tuta ɗaya da sunan Koinon Hellenon, bisa la'akari da ƙawancen da Atina da Sparta suka ƙulla da goyon bayan Masar a kan Makidoniya 'yan shekaru bayan 272, ƙawancen da bai taɓa zama ƙasa ɗaya ba. Baubawa ya sami sunansa da muryarsa, amma da sharaɗin ya yi mulki kamar Barume.

Saura maganar gurbi. Injin farko gurbin al'umma 21 kaɗai yake da shi, ɗaya na 'yan tawaye da garuruwa masu zaman kansu, waɗanda aka kira Eleutheroi, saura 20. Wanda aka ba gurbi da wanda aka hana, nan ake ganin ra'ayin masu aikin tsirara. Ƙasar Gol ta sami biyu, Biritaniya ɗaya, Jamus ɗaya. A Afirka, bugu na farko bai bar kowa ba sai Kartaj da Masar ta zuriyar Tolemi, dukkansu masu asali daga waje. Numidiya, wadda ko wasan kamfani ya sa, an cire ta, sai a bugu na biyu ta dawo, lokacin da al'ummomin suka kai 28. Daular Kush kuwa, mai hedkwata a Merowe cikin ƙasar Sudan ta yau, ba ta sami gurbi a ko ɗaya ba. Ga shi kuwa a daidai zamanin da wasan ya ƙunsa take da ƙarfinta. Tolemi na biyu ya kai yaƙi iyakarta 'yan shekaru kafin 272, daga wannan yanki da gaɓar Bahar Maliya aka riƙa neman giwayen yaƙi, kuma wajen shekara ta 25 zuwa ta 22 kafin Miladiyya wata sarauniyarta ta kara da rundunar Augustus har aka kai ga sulhu. Sai a 2018 kamfanin da kansa, wanda aka yi wa wannan kwaskwarima don gyara masa kuskure, ya sa Kush a Rome II a matsayin al'ummar da ake iya riƙewa.

An ba da uzurin cewa tana gefen taswira, kuma injin yana da iyaka a kan yawan nau'in al'adu da zai ɗauka. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, ko da yake Saba ma a gefe take. Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne wannan: mutanen Merowe sun ƙirƙiro rubutunsu mai alama 23 a cikin wannan zamani, sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce da harshensu. Tun wajen 1911 Francis Griffith ya gano sautin alamomin, ana iya furta abin da suka rubuta, amma ma'anar mafi yawansa ba ta samu ba. Jamusawan shekara ta 272, waɗanda ba su bar jimla ko ɗaya ba, an ba su suna da tuta da sunayen rundunoni, domin jikokin harshensu suna raye kuma an shafe shekara 200 ana nazarinsu a jami'o'in Turai. Merowe, wadda ta rubuta sunayen sarakunanta da hannunta, gari ne kawai a kudancin taswira cikin jerin Eleutheroi, wanda mai riƙe da Masar yakan ci in ya sami sarari.